Ina Bargon Ya Kwana?

Jiya Nafisa ta shigo shago da guntun bargo mai ruwan toka a hammata, tana murna ta samu arha a kasuwa, wai za mu riƙa sa shi a cikin rigar kofi. Na ce ta fita da shi ta ajiye a bayan katanga, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ta yi, amma tana yi tana turo baki, na kuma ji ku sauran kuna ƙus-ƙus cewa Tanti Barira ta cika masifa a kan tsumma. To, ba ni da lokacin bin ku ɗaya bayan ɗaya ina bayani. Ga shi na rubuta. Dukanku kun yi lakwal, kun zauna a aji, ku karanta, wadda ta gama ta miƙa wa ta kusa da ita.

Da farko dai ku daina raina rigar kofi. Ina jin ku. Wai ƙyalle ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, a naɗa wa kofin kafe don kada ya ƙona mai sha, a cire a wanke, gobe a sake sawa, wai ko makaho zai ɗinka. Kowace cikinku so take a ba ta shadda da leshi ta yi wa amarya ɗinki, ta ɗauki hoto a waya. Amare nawa kuka gani a Arlit tun da aka rufe ramin uraniyom na Akokan? Masu shan kafe kuwa suna nan kowace safiya, da aiki ko babu. Wannan ƙyallen da kuke rainawa shi ya riƙe shagon nan a shekarar da ba wanda ke ɗinka komai, shi ne kuma ya kashe shi. Duka biyun da hannuna.

Ina da shekara goma sha shida aka kawo ni wurin Mama Saratu. Na faɗi jarrabawar birbe ta gama ƙaramar sakandare, babana kuma tun ina ƙarama aka sallame shi daga aiki lokacin da kasuwar uraniyom ta mutu, yana facin taya ne a bakin hanya, ba halin in maimaita aji. Mama Saratu mutuniyar Maraɗi ce, Kirista, mijinta ya rasu, shagonta kuma shi ne wannan da kuke zaune a ciki. Ita ke yi wa matan manyan ma'aikata labule, ta yi wa ƴan lakwal kayan makaranta, ta yi wa mawaƙan majami'arsu riguna. Ran Lahadi shago a rufe. In an kira salla ina kan keken ɗinki, ita ce mai cewa, "Ke, tashi, naki ya yi."

Wata uku na yi ina taka keke babu zare, ina bin layi a kan takardar buhun siminti. In na gama sai ta ɗaga takardar a rana ta duba ramukan allura.

"Shekara goma kina lakwal," in ji ta, "ba a koya maki tahiya miƙe ba?"

Kayan aikin su ne waɗannan da kuke gani, ban ƙara komai ba sai fanka. Baƙin keken ƙafa da ya girme ni. Almakashi biyu, mai jan ƙyalle a hannu na yadi ne kawai, wadda ta yanka takarda da shi ta nemi wani shagon. Guntun sabulu da ya siranta maimakon alli. Dutsen guga na gawayi. Sai reza ta warware ɗinki, wadda a shekarata ta farko na fi riƙe ta a kan komai.

Abin da ya fi ba ni haushi da Mama shi ne zuwa kasuwa. In za ta sayi tsumma ko bosho, wato gwanjo, abu huɗu take yi. Ta zare zare ɗaya ta ƙona: in ya zama toka auduga ce, in ya dunƙule ya yi baƙi roba ce. Ta jiƙa gefe da yawu ta murza a farin ƙyalle ta ga ko yana zuba. Ta shinshina. Sannan ta dubi mai kaya ta ce, "Ina ya kwana?" Haka take faɗa, kamar mai tambayar lafiyar baƙo. Na wane ne a da, me ya rufe, a wane ɗaki aka ajiye shi. Ko buhun maganin ƙwari ya lulluɓe, ko majinyaci ya kwanta a kai. In mai kaya ya ce bai sani ba, sai ta ajiye masa abinsa komai arharsa. Ni ina tsaye cikin rana ƙafata na soyuwa, tana yi wa mutum tambayoyi kamar jandarma. Na taɓa ce mata ai sabulu na wanke komai.

"Ba komi ba," ta ce. "Wani abu in ya shiga tsumma ya zauna ke nan."

Na ɗauka surutun tsofaffi ne. A garin da rabin kayan gidajenmu daga tarkacen ma'adini suka fito, tukwane, ƙofofi, bututun ruwa, rufin rumfa, wa ke tambayar inda abu ya kwana? Ita kaɗai.

Sai tawayen ƴan bindiga na arewa ya dawo. Ku a lokacin ana goya ku. Hanyar Agadas ta zama sai da rakiyar soji, ana jira kwanaki kafin ayari ya tashi, ana dasa nakiya a hanya. Matan da muke yi wa labule suka kwashe suka tafi. Yadi ya daina zuwa, zare ya yi wuya. Damina kuma ta ƙi, makiyaya suka sauko bayan gari suka kafa bukkoki da kwali da buhu, babu ko akuya. Wanda ke tunanin hatsi ba ya tunanin sabuwar riga. Sai mu wuni ba a kawo komai ba sai wando ɗaya a yi masa faci a gwiwa. Mama ta fara maganar rufe shago ta koma Maraɗi.

A cikin wannan hali Illa ya shigo wata rana da hantsi da kofin roba a hannu. Illa ɗan Tawa ne, yana da tebur a inda motocin kamfani ke ɗaukar ma'aikata da sassafe, yana sayar da kafe da shayi da burodi. Ma'aikaci ba ya tsayawa ya sha, saya yake ya haye mota. Kofin kuwa siririyar roba ce, ba ta riƙuwa da zafi, sai Illa ya haɗa biyu ko uku. Da hanya ta rufe, kofin ma ya yi wuya.

"Madam," ya ce, "riga nika so a yi ma kohi."

Mama ta sauke tabarau ta dube shi. "Riga? Mutane na yawo da tsumma, kai kohinka za a yi ma riga? Wando fa? Ba ka son hula?"

"Madam, bar dariya, don Allah. Hannun mutane na ƙuna, ni suka zagi. Na ga wani bature da irinta, ta kwali. Ni wadda za a wanke nika so."

Mama ta juyo. "Barira, ga naki. Tunda ke ce mai sauri."

Rigar farko minti goma ta ɗauke ni. Na auna kewayen bakin kofi, na yanka ƙyalle miƙe kamar ɗamara, na ninke, na ɗinke, na miƙa masa ina jin kaina. Washegari da yamma wani dattijo ya tsaya a ƙofar shago cikin shuɗin kayan aiki, da tabon kafe tun daga cinya har gwiwa. Baba Habu ke nan, mutumin Damagaram, a ƙarƙashin ƙasa yake aiki a Akokan.

"Salamu alaikum. Wace ce telar kofi a nan?"

Mama ta nuna ni da almakashi.

"Ƴata, shekara ashirin ina shiga rami, dutse bai taɓa ni ba, wuta ba ta taɓa ni ba. Yau rigarki ta dafa ni a kan kujerar mota. Na riƙe riga, kofi ya bi ta ƙasa ya yi tafiyarsa."

Daga ranar sunan ya bi ni. Har yau akwai waɗanda ba su san ni da Barira ba sai telar kofi.

Mama ba ta yi mini bayani ba, ba halinta ba ne. Kofi ta miƙo mini da almakashin takarda, ta ce, "Tsaga shi ki gani." Na tsaga daga baki zuwa gindi, na cire gindin, na shimfiɗa a tebur. Bai kwanta miƙe ba. Ya tanƙware kamar jinjirin wata. Kofi ba gwangwani ba ne, samansa faɗi, ƙasansa tsuke, duk wadda ta yanka masa ƙyalle miƙe za ta dafa wani.

Ga yadda ake yi, ku riƙe, ba zan sake faɗa ba. Ki ɗora tsagaggen kofin a kwali ki zana. Ki rage yatsa biyu daga sama, nan leɓe zai sauka, ba wanda ke son tsotson ƙyalle. Ki rage yatsa ɗaya daga ƙasa don kofi ya zauna in an ajiye. Ki ƙara yatsa ɗaya kewaye na ɗinki, da yatsa biyu a gefe guda inda baki zai hau baki. Hawa uku ne: fuska, shafi, da ciki. Ki haɗa fuska da shafi suna kallon juna, ciki a kansu, ki ɗinke kewaye, ki bar ƙofa ta yatsa uku. Kafin ki rufe gefen, ki cusa maɗaukin maɓalli na roba a tsakani, bakinsa na kallon ciki, in kika juya shi waje kin ɗinke shi a banza. Ki datse kusurwoyi, ki tsattsaga tanƙwarar kaɗan-kaɗan ba tare da kin taɓa zare ba, ki juye, ki tura kusurwa da gindin fensir, ki goge, ki bi baki da ɗinki na biyu. Maɓalli na ƙarshe, kuma a jikin kofi ake auna wurinsa, ba a tebur ba. In ya faɗa ƙarƙashin babban yatsa, mai shi zai tsine miki kowace safiya.

Wannan duk sati ɗaya ya ishe ni. Ciki ne ya ba ni wahala. Fuska ado ce, shafi sutura ce, amma abin da ke tsakaninsu shi ke tare zafi. Na sa auduga, wanki ɗaya ta dunƙule ta koma gefe. Na sa soson katifa, ya narke a ƙarƙashin dutsen guga. Na sa tsohon wandon jins ninki biyu, allura biyu na karya. Baba Habu ya zama mai gwada mini, duk yamma sai ya biyo ya ba da labari.

"Ta yau ta kai ni har shingen soji. Daga nan sai da na canza hannu."

"Ta yau fa, Baba?"

"Ko tashi motar ba ta yi ba na canza hannu. Ƴata, ko dai ki koma lakwal?"

Wata Laraba Mama ta aike ni kasuwa neman maɓalli, sai na ratsa ta layin ƴan ƙarafa. A nan na gan shi a naɗe, jingine da tsofaffin bututu. Bargo ne mai ruwan toka, kaurinsa rabin yatsa, a matse, in an yanka ba ya zarewa. Sabon abu ne a kasuwa a lokacin. Na ga wata ta saya za ta naɗe jarkar ruwa, wani zai rufe rumfa. Na ƙona gefe, ya dunƙule, roba ce, ba zai ruɓe ba. Na jiƙa, bai zuba ba. Na shinshina, babu komai sai warin ƙasa. Uku cikin huɗu. Rana ta take, mai kayan yana ciniki da wasu, ni kuma ga sauri. Na biya na ɗauko.

Na karkaɗe shi, na wanke, ya bushe kafin la'asar. Mama ta ɗauki guntu ta juya shi a hannu ta daɗe.

"Ina ya kwana?"

"Na mota ne, Mama. Irin wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kujera. Daga arewa aka kawo."

"Shi ya hwaɗa maki?"

"Shi ya faɗa."

Ku karanta wannan da kyau. Mai kayan bai yi mini ƙarya ba. Ban tambaye shi ba. Na san in na ce ban tambaya ba za ta mayar da ni kasuwa cikin ranar nan, sai na ƙirƙira. Ta sake duban bargon, ta ce bai yi mata kama da na mota ba, ta dubi shago babu ko wando ɗaya a rataye, ta ajiye.

Washegari Baba Habu ya shigo yana dariya tun daga waje. "Telar kofi! Yau har bakin rami kafena da ɗuminsa, hannuna kuwa bai san an yi ba. Wannan tawa ce, kada Illa ya ba kowa."

Daga nan aiki ya ɓalle. Illa ya ɗauki ashirin. Ma'aikata suka fara zuwa kowa na son tasa, wani ya kawo guntun zanen matarsa a yi masa fuska don ya gane ta. Direbobin ayari suka saya, sojojin shinge suka saya. Allura na shiga bargon nan kamar tuwo, yana kwanciya, ba ya shan ruwa, ba ya wari. Kowace riga sai na yi mata ɗinki uku da jan zare a cikin shafi, alamar shagon Mama. Mama ta daina maganar Maraɗi. Da ragowar na yi mata matashi na ɗaura a kujerar keke saboda ciwon bayanta, ta ce tun da take ba ta taɓa zama a kan abu mai daɗi haka ba. Wata mata daga bukkokin bayan gari ta tsaya a ƙofa da jariri, ta nuna wani babban yanki da ke ƙasa, ta ce da Hausarta ta koyo, "Ka ba ni, yaro ta kwanta." Na ba ta. Har na ji na yi abin kirki.

Wata bakwai muka yi a haka.

Akwai wani tsohon ma'aikaci a lokacin da ke cikin wata ƙungiyar ƴan gari, yana yawo kasuwa da ƴar na'ura kamar rediyo, yana kanga ta a tukwane da ƙarafa. In abu na ɗauke da gubar dutsen ma'adini sai ta yi ƙas-ƙas. Mutane na yi masa dariya, suna ce masa mai gyare. Wata safiya ya tsaya shan kafe wurin Illa, ya ajiye jakarsa kusa da tulin riguna, na'urar a kunne. Da hantsi sai ga su a shago shi da Illa, da riga ɗaya a farke a hannunsa, da mutane biye da su.

Ya kanga ta a keke, ɗan ƙas, ɗan ƙas. Ya kanga a ƙarƙashin teburin yanka inda ragowar take, ta ɗauka kamar an zuba gishiri a wuta. Ya ce Mama ta tashi. Ya ɗora ta a kan matashin. Ba ta tsagaita ba sai da ya kashe ta.

Ya ce wannan ba bargo ba ne. Matacin masana'anta ne, da shi ake tace dutsen bayan an niƙa an jiƙa. Ƙurar tana cikinsa, wanki ba ya fitar da ita. Ya ce riƙewa kaɗai da sauƙi, abin tsoro shi ne a yanka a shaƙa, ko a taɓa a kai hannu baki, ga shi kuwa kowa da burodi yake shan kafensa. Yadda abin ya fito har ya iso kasuwa, kowa da nasa labarin. Ni ban gani ba, ba zan faɗa ba.

"Wa ya sayo shi?" in ji shi.

Na buɗe baki, Mama ta riga ni. "Shagona ne. Ni na sayo."

Da suka kwashe bargon da matashin suka tafi, ta rufe ƙofa ta zauna a kan kujerar da babu komai sai katako.

"Barira. Ina ya kwana?"

"Ban tambaya ba."

Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta ɗauko kwalayen maɓalli da muka ƙarar ta jera a tebur. Kowane kwali dozin ne, kowace riga maɓalli ɗaya, kwali goma sha biyu.

"Ɗari da arba'in da huɗu," ta ce. "Tashi ki tahi ki ɗebo su. Duka."

Kwana tara na yi ina yawo da buhu, daga Arlit zuwa Akokan, gida-gida, tasha, shingen soji. Ina juya kowace riga in nemi jan ɗinki uku. Wata mata ta jefe ni da ta mijinta a fuska, ta ce in wani abu ya same shi ta san ƙofar da za ta buga. Wani ya ce sai na ba shi sabuwa tukuna. Wasu suka yi ta dariya, wai garin da tukunyarsa ke kuka, rigar kofi ce za ta kashe su? Na shiga bukkokin bayan gari ina tambayar mai jariri, ban san sunanta ba, ban san daga wace rijiya ta zo ba. Aka ce waɗanda ke wurin sun tashi tun wata biyu. Ita ban same ta ba.

Ɗari da talatin da ɗaya na dawo da su. Goma sha biyu sun bi direbobi da sojoji, Allah kaɗai ya san inda suke. Ɗaya kuma tana garin nan, na san hannun da take.

Na sami Baba Habu a ƙofar gidansa bayan la'asar yana yanke farce. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Na ji," ya ce. "Ba zan bayar ba."

"Baba, guba ce."

"Ƴata, kin san inda nake wuni? A cikin uwar gubar nake, ita nake shaƙa, ita nake ci. Shekaru matata na wanke kayan aikina a kwanon da take wa yara wanka, ba wanda ya zo da gyare ya auna kwanon. Abu ɗaya tak a garin nan da aka yi don kada in ji zafi, shi za ki karɓe?"

"Zan yi maka wata."

"Kin yi mini wasu kafin ita. Na san su."

Ban haƙura ba. Na nemo irin atamfar fuskarta, na goge ta da toka ta tsufa, na nemo irin maɓallin, na yi ciki da auduga, na zauna na yi mata ɗinki mafi kyau da na iya. Na ba Illa, ya musanya a lokacin da yake zuba kafe. Da yamma Baba Habu ya shigo shago ya ajiye ta a kan keke.

"Wannan a shingen soji na canza hannu," ya ce. "Ɗinkin ya yi kyau. Sai an jima."

Na ruga wurin Illa in karɓi tsohuwar in kai wa mai na'ura. Ya ɗaga hannu biyu. "Ya riga ki. Dattijo ne, Barira, ya tsaya a kaina. Mi zan ce mashi?"

Shagon bai tashi ba bayan wannan. Aka sa masa shagon guba. Iyaye suka kwashe kayan lakwal suka kai wani wuri. Mata suka daina barin yara su zauna a dakalinmu. Ƴan majami'arsu kaɗai suka ci gaba da kawo ɗinki, su kuwa nawa ne? Kowa ya san Mama ce ta sayo, tunda ita ta faɗa da bakinta, ta kuma hana ni gyara maganar. Ta ce ita ta gama nata, ni ce ke da sauran shekaru a garin. Ba ta cika shekara ba ta fara tari. Likita ya ce ba a san dalili ba. Ɗanta ya zo ya tafi da ita Maraɗi, can ta rasu. Ban ce matashin ne ba. Ban ce ba shi ba ne. Rabin tsofaffin garin nan da tari suke tafiya, ba wanda ke aunawa. Ranar tafiyarta ta bar mini keke da almakashi mai jan ƙyalle da makullin shago, abin da ta ce kawai shi ne in riƙa sa wa keken mai ran Asabar.

Shekara uku na yi ina faci kafin wani ya sake kawo mini sabon yadi. Rigar kofi kuwa na koma mata ne don ita na iya kuma ana nema. Yanzu ƴan kabu-kabu ke saya, da masu tafiya Cibarakaten neman zinariya, suna ɗaura ta a kofin ƙarfe. Cikinta auduga ce daga wurin mai katifa da na sani, ina shimfiɗa ta tsakanin tsofaffin zannuwa biyu da na san gidan da suka fito, in bi ta da ɗinki gicciye-gicciye, layi da layi yatsa ɗaya, don kada ta dunƙule. Wannan ɗinkin da kuke cewa yana cinye muku wuni, dalilinsa ke nan. Kuma gaskiya ita ce bai kai bargon ba. Na gwada komai tun daga lokacin. Babu abin da ya kai shi.

In kuna son ganin aikin da ya fi kowane kyau a cikin duk abin da na ɗinka, ku je teburin Illa gobe da safe. Motar Akokan ta daina zuwa, amma Baba Habu na nan a kan benci a lokacin da ya saba, ya rame, yana tari, kofinsa cikin riga mai fuskar da ta ƙoƙe, matarsa ta yi mata faci ya fi sau biyar. Ni na ƙi taɓa ta. Duk ranar da na wuce sai ya ɗaga mini ita.

"Telar kofi! Tana nan tana aiki. Ta fi ramin daɗewa."

Ku duba da ido, kada wadda ta taɓa.

Ke kuma Nafisa, mai yiwuwa naki bargon mota ne da gaske. Na ƙona gefensa bayan kin tafi, na jiƙa, na shinshina, ban ga komai ba, kamar yadda ban gani ba a wancan karon. Gobe ki sa shi a buhu ki mayar. Ki tsaya a gaban mai shi, ko yana ciniki, ko rana na dukan ki, ki tambaye shi ina ya kwana. In ya ce bai sani ba, ki ajiye masa abinsa ki dawo. Auduga za mu sa. In ta yi musu zafi a hanya, su canza hannu.